Likita ya ce enzayim ɗin Baba sun hau: me ke faruwa a cikin zuciya bayan ta buga?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Addu'arku nake nema, kuma ina da tambaya ga masu sanin abin a cikinmu. Ranar Talata bayan asuba Baba ya tafi gona zai ƙarasa maimai a geron gefen fadama. Bai yi kunya uku ba ya ajiye fartanya ya zauna a gindin ɗorawa, ya ce ji yake kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, hannun hagu ya yi nauyi, ya yi amai sau ɗaya. A amalanke yara suka dawo da shi gida. Dukkanmu olsa muka ɗauka, don ya daɗe yana kukan zafin ƙirji. Aka jiƙa kanwa aka ba shi, aka sayo farin maganin nan na ruwa a kemis. Sai bayan la'asar da numfashi ya fara yi masa wuya muka nemi mota. Hanyarmu zuwa Ringim ruwa ya cinye ta, daga can kuma aka ce mu wuce Kano. Ba a kwantar da shi ba sai bayan isha'i.

Likita ya ce bugun zuciya ne, enzayim ɗinsa sun hau sosai, kuma wani sashe na naman zuciyar ya mutu. Mene ne enzayim ɗin nan? Su ne cutar? Akwai abin da ke sauke su? Wata mata a bakin asibiti ta nuna mini wata kwalba mai tsada, ta ce enzayim ne a ciki masu gyara zuciya.

Maman Sadiq: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Kawu Mai Shinkafa: Subhanallahi. Ranar Juma'a muka yi sahu ɗaya da shi, lafiyarsa ƙalau. Allah ya tashi kafaɗunsa.

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam. Allah ya sauwaƙe. Baban Ummi, kar ka sayi kwalbar nan tukuna. Enzayim ba cuta ba ne, kowane mai rai yana da dubbansu a jikinsa. Furotin ne da aikinsa gaggauta sauya wani abu zuwa wani. Kowa a nan ya ga aikinsu bai san sunansu ba. Idan mata za su dama kunun zaƙi suna zuba garin busasshen dankali a gasara, kunun ya tsinke ya yi zaƙi ba a sa sukari ba. Enzayim ɗin da ke cikin dankalin ne ya farfasa sitacin geron ya mai da shi sukari. Haka ganyen gwanda da ake naɗe nama mai tauri a ciki.

Na naman zuciya, mazauninsu cikin ƙwayoyin halittar zuciyar ne. Idan ƙwayar ta mutu bangonta ya fashe, sai su tsiyayo cikin jini, likita ya auna ya gani. In ka ga hatsi a zube bisa hanya ka san buhu ne ya yage. Share hatsin ba ya ɗinke buhun. Za su sauka da kansu cikin kwanaki, babu maganin da ake sha don sauke su.

Ɗalibin Likita: Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi da izininsa. Yaya, duba takardar gwajin, da wuya ba za ka ga an rubuta turofonin ba. Shi a gaskiya ba enzayim ba ne, furotin ne na cikin zaren naman zuciya, amma baki ya saba, har likitoci suna haɗa shi cikin jerin. Tun 1954 aka gano a Amurka cewa wani enzayim da ake kira AST yana hawa a jini bayan bugun zuciya. Daga baya aka koma auna CK-MB, shi kuma cikin kwana 2 zuwa 3 yake komawa daidai. Turofonin yakan fara hawa cikin sa'o'i kaɗan, kuma yana iya kai mako 2 bai gama sauka ba. Saboda haka idan an sake gwaji jibi ka ga har yanzu yana sama, kar hankalinka ya tashi.

Baban Ummi: Haka aka rubuta kuwa. To amma ni abin da ya tsaya mini a rai, yaya nama zai mutu a cikin mutum yana raye yana magana? Kuma da mun kawo shi da safe, da an cece shi?

Ɗalibin Likita: Yaya, bari in bi ta farkon in zo ta biyun.

Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, ba ta da ranar hutu. Ƙarfin da take aiki da shi wani sinadari ne da ake kira ATP, kuma ba ta da rumbun ajiye shi: abin da ke hannunta a kowane lokaci na daƙiƙoƙi ne. Dole ta yi ta ƙera sabo, har an ƙiyasta tana juya kimanin kilo 6 a rana. Masu ƙera shi wasu ƙananan injina ne a cikin ƙwayar halitta, sunansu maitokondiriya. A naman zuciya su kaɗai sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin ƙwayar, saboda tsabar buƙata.

A jikin bangon ciki na maitokondiriya akwai jerin enzayim huɗu da ke miƙa wa juna ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, da aka ciro daga kitse da sukari, kamar masu miƙa bulo a wurin gini. Na ƙarshen shi ke miƙa wa oksijin, iskar da muke shaƙa jini ya kawo wa zuciya. Wannan miƙe-miƙen yana tara matsi a bayan bangon kamar yadda ruwa ke taruwa a bayan madatsar Tiga, sai matsin ya bi ta cikin enzayim na biyar ya juya shi. Juyawa fa ta gaske, kamar farfela. A juyawar ake ƙera ATP. Waɗanda suka gano haka, Paul Boyer da John Walker, sun sami kyautar Nobel a 1997.

To idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani yanki na zuciya, oksijin ya yanke. Na ƙarshen layi ba shi da wanda zai miƙa wa, layin duka ya tsaya cak. Ƙwayar ta koma ƙona sukari ba oksijin, wanda ɗan abin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba, ga tsami da yake tarawa. Famfunan da ke fitar da gishiri da kalsiyam su ma da ATP suke aiki, sai su raunana, ƙwayar ta kumbura, kalsiyam ya cika ta. Kalsiyam ɗin ya tayar da wasu enzayim masu yanka furotin, su fara cin gidan daga ciki. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 mutuwar ke farawa, daga can cikin bangon zuciya, tana yaɗuwa waje-waje cikin sa'o'i. Sauran zuciyar da jijiyoyinta ke buɗe tana ci gaba da aiki, shi ya sa mutum yake magana.

Anti Nas: Ta biyun ni zan amsa, don ƙaninka yana jin nauyinka. E, da an isa da wuri da an ceci wani sashe. Akwai allurar narkar da gudan jini, mai sauƙin kuɗi a cikinsu ita ce sitireftokaines. Amfaninta ya fi yawa a sa'o'i 2 zuwa 3 na farko, bayan awa 12 kuma yawanci ba a yin ta, don haɗarin zubar jini ya fi ribar. Amma ka saurare ni da kyau. Shekara nawa ina aiki a ɗakin shan magani na ƙauye, ba mu da na'urar ECG ta gwajin zuciya, kuma mutum goma za su zo da zafin ƙirji tara a ciki olsa ce ko tsoka. Abin da kuka yi shi kusan kowane gida zai yi. Kun kai shi, yana raye.

Alaramma: Anti ta faɗi gaskiya. Ɗana, "da na sani" ƙeya ce, a baya take. Abin da Allah ya rubuta ya wuce, abin da ke gabanka shi ne jinyar mahaifinka, kuma lada ce babba. Neman magani ba ya karo da tawakkali. Ku ci gaba da bayani, mu ma da muka kwana biyu a duniya muna ƙaruwa.

Malamin Bayoloji: Likitanmu na gobe, akwai abin da na taɓa karantawa ya ɗaure mini kai: wai dawowar jinin ma da kanta tana kashe wasu ƙwayoyin. Ka warware mana.

Ɗalibin Likita: Gaskiya ne Malam, kuma a nan ne labarin enzayim ya fi zurfi. Kawu zai fi kowa ganewa. Kawu, in injin ban ruwa ya shaƙe, iska ba ta shiga amma fetur na ta zuba a kafireta, me ke faruwa in ka ja igiya ya tashi?

Kawu Mai Shinkafa: Baƙin hayaƙi zai turnuƙe, ya yi ta tari yana harbi, wani lokacin har wuta ta fito ta salansa.

Ɗalibin Likita: To haka. Lokacin da oksijin ya yanke, enzayim na biyu a layin nan yakan koma aiki da baya, sai wani makamashi mai suna saksinet ya yi ta taruwa a ƙwayar. Da jini ya dawo, enzayim ɗin ya juyo gaba ya ƙone tarin nan cikin 'yan mintuna. Ilektiron suka yi wa layin yawa, har wasu suka koma baya ta cikin enzayim na farko, suka zube kan oksijin. Abin da ke fitowa wata irin oksijin ce mai ƙuna, kamar tartsatsi, tana lalata kitse da furotin na bangon maitokondiriya. Masu bincike a Kambirij ta Ingila ne suka bayyana wannan a 2014, kuma da suka rage wa enzayim na biyun gudu da wani sinadari mai suna malonet, ɓarnar ta ragu a zuciyar ɓeraye.

Jiki yana da masu kashe tartsatsin, akwai wani enzayim mai ɗauke da manganis a cikin maitokondiriyar da aikinsa ke nan, amma a mintunan nan abin yakan fi ƙarfinsa. Tartsatsi ga shi, kalsiyam ga shi, sai wata ƙofa ta buɗe a bangon ciki. Ita ce babbar masifar. Ka tuna matsin bayan madatsa? Ƙofar na buɗewa matsin ya zube, farfela ta tsaya, wani lokacin ma ta juya da baya tana cinye ɗan ATP da ya rage. Maitokondiriyar ta kumbura ta fashe, ƙwayar ta mutu alhali jini ya riga ya iso mata. Wanda ke taimaka wa ƙofar ta buɗe shi ma enzayim ne, saikulofilin D. A gwajin dabbobi an ga wannan ɓarna ta dawowar jini tana iya kai kusan rabin yankin da ya mutu.

Kawu Mai Shinkafa: To ashe gara da ba a yi wa Baban nasu allurar ba. In buɗewar ma kisa ce, a bar jiki ya yi aikinsa mana. Ni dama allurar nan ta asibiti ba kowacce nake yarda da ita ba.

Anti Nas: A'a Kawu, don Allah kar wannan maganar ta fita daga nan a haka, wani zai ji ya zauna a gida. Shinkafarka ta yi kwana da kwanaki ba ruwa, ka buɗe kwalbati da ƙarfi ya kwantar da wasu shuke-shuke. Za ka ce gara ka bar fadamar ta bushe? In ba a buɗe jijiya ba duk yankin ne zai mutu. In an buɗe, an yi asarar wani an tsira da wani.

Ɗalibin Likita: Kuma an auna, Kawu, ba zato ba ne. A 1988 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna ISIS-2, mutum sama da 17,000 a ƙasashe da yawa. Asfirin kaɗai ya rage mace-mace da kusan kashi 23 cikin 100, allurar narkar da jini kaɗai kusan kashi 25, da aka haɗa su biyun kusan kashi 42. Abin da masu bincike ke nema shi ne a buɗe jijiyar kuma a hana tartsatsin, ba a fasa buɗewa ba.

Kawu Mai Shinkafa: To na ji, na janye. Amma in sun san ƙofar, sun san mai buɗe ta, me ya hana su kulle ta? Shekara nawa?

Ɗalibin Likita: Sun gwada, kuma wannan ne ke sosa mini rai in ina karantawa. Akwai magani tun da daɗewa, saikulosforin, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Yana kama saikulofilin D ɗin nan. A dabbobi ya yi aiki. A wani ƙaramin gwaji a Faransa a 2008, mutum 58, an ga alamar nasara. Da aka faɗaɗa zuwa mutum 970, sakamakon ya fito a 2015: babu bambanci tsakanin wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba.

Akwai wata hanyar ma. A 1986 a jami'ar Duke ta Amurka aka gano cewa in an toshe jijiyar zuciyar kare na minti 5 aka sake, sau huɗu, kafin a toshe na minti 40, yankin da ke mutuwa yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wato zuciyar tana da nata shirin kariya in an gargaɗe ta. Aka yi ta neman kwaikwayon haka a mutane ta hanyar matse dantse da robar awon jini ana sakewa. Gwajin mutum sama da 5,000 da aka fitar a 2019 bai nuna amfani ba. Ɓeran ɗakin bincike matashi ne mai lafiya, an san mintin da aka toshe masa jijiya. Marar lafiya na gaske dattijo ne mai hawan jini ko ciwon suga, yana shan wasu magunguna, kuma ya iso bayan sa'o'i.

Maman Sadiq: Ni dai ku yi haƙuri, ban yarda a yi watsi da kwalbar nan haka kawai ba. Hajiyarmu tana da ciwon zuciya, ƙanina ya sayo mata irinta, kuma wallahi ta ce ta ji ƙarfi. Tunda kun ce injinan ne suka raunana, mene ne laifin a ƙara musu abin da suka rasa?

Malamin Bayoloji: Maman Sadiq, ba wanda ya ƙaryata Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma enzayim furotin ne. In kin haɗiye shi, ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da ƙwai ko wake. Ba shi da hanyar da zai bi ya isa jini a yadda yake, balle ya ratsa bangon ƙwayar zuciya, ya sake ratsa bango biyu na maitokondiriya ya zauna a gurbinsa. Jiki da kansa yake ƙera nasa a wurin.

Ɗalibin Likita: In an yi adalci, Anti Maman Sadiq, duba jikin kwalbar Hajiya. In CoQ10 aka rubuta, shi ba enzayim ba ne, ɗan aike ne mai ɗaukar ilektiron tsakanin enzayim ɗin layin nan, kuma yana shiga jiki. An yi wani gwaji da mutum 420 masu raunin zuciya, aka fitar a 2014, ya nuna alamar amfani. Amma ƙarami ne, kuma duk mutanen suna kan maganinsu na asibiti, ƙari aka yi musu. Ba ya tayar da naman da ya mutu. Zuciyar babba ba ta sabunta ƙwayoyinta sai kusan kashi 1 cikin 100 a shekara ga matashi, ga dattijo ƙasa da haka. Inda ya mutu tabo ne zai maye gurbin cikin kamar mako 6 zuwa 8.

Maman Sadiq: Shi aka rubuta. To zan gaya masa kar ta bar na asibitin, don na lura kwanan nan ta rage sha.

Anti Nas: Yauwa, abin da nake tsoro ke nan. Kuɗin gida ɗaya ne, in ya tafi kwalba ba ya zuwa kemis. Baban Ummi, turo mana abin da aka rubuta wa Baba.

Baban Ummi: Asfirin, kulofidogirel, atobastatin, lisinofiril, da wani ƙarami da suka ce na rage gudun zuciya ne.

Ɗalibin Likita: Yaya, ga abin mamaki: maganin enzayim na gaske yana hannunka. Uku daga cikin waɗannan aikinsu toshe enzayim ne. Asfirin yana kashe wani enzayim a ƙwayoyin da ke daskarar da jini, don kar sabon guda ya haɗu. Atobastatin yana toshe wanda hanta ke ƙera kolestarol da shi. Lisinofiril yana toshe wanda ke ƙera sinadarin matse jijiyoyi, kuma asalin wannan dangin magani daga binciken dafin wani maciji na Barazil aka samo shi. Shi yana da muhimmanci yanzu, don bayan bugun zuciya naman da ya tsira yana ɗaukar aikin wanda ya mutu, zuciyar tana neman buɗewa ta saki kamar tsohuwar salka, maitokondiriyar da suka rage suna aiki fiye da ƙima. Lisinofiril da mai rage gudun nan suna sauke musu kaya. In busasshen tari ya dame shi, daga lisinofiril ne sau da yawa, a koma wa likita ya canza, kar a daina kai tsaye.

Anti Nas: Kuma ku ɓoye masa maganin ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen, da haɗin nan da ake ƙullawa a leda a kasuwa. Manomanmu kamar gyaɗa suke watsa su in sun dawo gona. Suna riƙe ruwa a jiki, suna taɓa ƙoda, suna ƙara haɗari ga mai ciwon zuciya, ibufurofen ma yana tare wa asfirin wurin aikinsa. Farasitamol ya isa. Kanwa ma a daina, gishiri ce. A rage gishiri da dunƙule a miyarsa.

Malamin Bayoloji: Tunda asfirin na da wannan ƙarfin, ni ina ganin kowane gida ya ajiye. Duk wanda ƙirji ya kama a ba shi ya tauna kafin a nemi mota.

Anti Nas: Malam, da sharaɗi. In alamun sun nuna zuciya, wato nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, gumi mai sanyi, ciwon na tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, to a tauna miligiram 300, in mutum ba ya da borin jini da shi, ba ya aman jini ko baƙin bayan gida. Amma na ga wanda olsarsa ta fashe saboda irin wannan. Kuma tsorona kar a ba da ƙwaya a koma a zauna ana jiran a ga ko zai lafa. Ƙwayar a cikin mota ake tauna ta. Mata da masu ciwon suga kuma wani lokacin ba sa jin ciwon ƙirjin sam, sai kasala da haki da tashin zuciya.

Malamin Bayoloji: Na karɓi gyara. To matsalarmu ta koma mota da hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu mota a garin nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, mu tambaye su wa ya yarda a tashe shi ko tsakar dare, mu manna lambobinsu a ƙofar masallacin Juma'a da ɗakin shan magani. Zan bi su gobe bayan an tashi makaranta.

Alaramma: Zan yi sanarwa bayan sallah in an haɗa sunayen. A kuma ware wani abu daga asusun masallaci na kuɗin mai, don kar rashin kuɗi a hannu ya tsayar da kowa.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ban sayi kwalbar ba. Yau Baba ya sha kunu rabin kofi, an cire masa robar hanci da rana. Gobe za a yi masa hoton zuciya a ga ƙarfin bugunta. Da ya farka ba abin da ya fara tambaya sai geron fadama, wai ciyawa za ta cinye shi.

Kawu Mai Shinkafa: Ka ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ranar Alhamis zan turo yarana huɗu, Malam ya yi wa matasan unguwarsu magana a yi gayya. Ka gaya wa ƙannenka su nuna mana inda ya ajiye fartanya, daga kunyar za mu ɗora.